Ramuwar Bahago

Lokacin da nake neman dillancin siminti a Malbaza, kowace Asabar nakan je gidan Mushe Isufu, babba a masana'antar, mu kalli tanis a telensa. Zakaru biyu ake gardama a kansu: mai dogon gashi da ba ya murmushi, da wani bahago mai faɗa da alƙali. Bahagon ya shiga raina. A motar komawa Konni, in na lumshe ido, sai in ga ƙwallonsa na shawagi bisa gonakin hatsi.

Kullum cinye shi ake yi. Wata Asabar na gyara zama, don Mushe ya san da mai ido zai yi hulɗa.

Na ce, "Na auna su duka. Yau bahago ya kai ganiyarsa. Dubi kafaɗarsa! Yau zai rama."

Mushe ya zaro kaset ɗin bidiyo daga ƙarƙashin tele.

"Alhaji, wasan guda ne. Tun bara aka gama shi."

Siminti dai na samu. Amma har yau direbobi kan leƙo daga kamiyo, babbar motar siminti: "Alhaji, bahagonka ya rama?"