Cindo Mai Cajin Waya da Maganar Likita

A ƙauyen Rafin Gora akwai wani mutum ana ce masa Cindo, sana'arsa cajin waya a bakin kasuwa. Duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Don tsoron ɓarayi, wayoyin mutane a aljihun wandonsa suke wuni, dama da hagu, da zafinsu. Gidan su uku ne: shi, da matarsa Lantana, da mahaifiyarsa Inna Delu. Shekara da shekaru da aure ba haihuwa, Inna kuwa ta ɗora laifin kacokan a kan Lantana. Juya take kiranta ko a gaban baƙi.

Wata rana Lantana ta gaji, ta ce, "Malam, ni an gwada ni an ce lafiyata ƙalau. Kai ma ka je mana." Ya tafi asibitin birni. Likita ya miƙa masa 'yar kwalba, ya rage murya ya ce, "Ka kawo mini ruwanka." Cindo ya hau keke ya koma gida, ya cika ta daga randa, ya dawo yana haki. Likita ya ɗaga kwalbar ya daka tsawa, "Mene ne wannan?" Ya ce, "Ruwana ne, ranka ya daɗe. Da hannuna na ja shi a rijiya." Sai da likita ya faɗa masa baro-baro, har ma'aikaciyar jinya ta fice tana rufe fuska.

Wata rana sakamako ya fito. Likita ya ce, "Ƙwayoyin haihuwarka sun yi rauni. Masu bincike na zargin zafin waya da abin da take fitarwa, ko da yake ba su gama tabbatarwa ba. Ka nisanta waya da jikinka, nesa sosai." Cindo ya koma rumfa, ya zuba wayoyin jama'a a buhu, ya tare motar albasa. Ya ce wa direba, "Ina ne nesa sosai?" Direba ya ce Ikko. Ya jefa buhun a baya. Da la'asar kasuwa ta tashi a kansa, shi kuwa yana cewa likita ne ya ce waya na hana haihuwa. Sarkin fawa ya shaƙe masa wuya yana ihu, "Wayata ce ta hana ka haihuwa?" Sai da 'yan acaɓa suka bi motar har garin gaba suka karɓo buhun. Cindo ya kwana da kumburarren ido.

Wata rana ya koma karɓar magani, likita ya tambaye shi me matarsa ta ce. Cindo ya ce, "Ai ba ka ce in faɗa mata ba." Likita ya buga tebur. "Ka bar baiwar Allah tana shan zagi a kan abin da ba ta yi ba? Tashi ka je ka gaya wa iyalinka, kada ka ɓoye komai!"

Matar Cindo kawai likita yake nufi. Cindo kuwa a wurinsa iyali kowa da kowa ne. Ya iso gida ya tarar ana sunan ɗan ƙaninsa, dangi cike da tsakar gida. Inna Delu ta fizge jariri daga hannun Lantana tana cewa, "Ba ni shi! Wadda ba ta san naƙuda ba. Yau ɗana zai sallame ki!" Cindo ya ratsa mata, ya ƙwace lasifika a hannun maroƙi.

Ya ce, "Iyalina, ku saurara! Likita ya ce ba Lantana ba ce, ni ne. Ƙwayoyina ne suka yi rauni!"

Kiɗa ya tsaya. Kawunsa ya taso yana cewa, "Kai, rufa mana asiri!" Cindo ya ce, "An ce kada in ɓoye komai, Kawu," ya sake maimaitawa da ƙarfi don na zaure su ji. Inna Delu ta zauna daɓas, baki buɗe. Matan da suka saba yi wa Lantana habaici duk suka sunkuyar da kai.

Cindo ya juyo ya ce, "Akwai wanda bai ji ba?"

Lantana ta share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Akwai. Gidanmu ma sun yarda ni ce. Ɗauki keke."