Duniyar Mirrihi a Bakin Fadama

Ko zan manta komai na shekarun koyarwata, ban da wata Alhamis a Argungu, shekara guda bayan an ba mu jihar Kebbi. Ina sabon malami a wata sakandare, na kafa ƙungiyar masu kallon taurari, da ɗalibai goma sha biyu da madubin hangen nesa guda, wanda ido ɗaya kawai yake aiki. (Lokacin ji nake duk lardin babu wanda ya san sama kamar ni.)

Shugaban makaranta yana son rufe ƙungiyar, wai shirme ce. Sai na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, na kuma gayyaci iyayen yara. Bayan magariba muka taru a filin ƙwallo, na sha babbar riga.

Wallahi na yi bayani mai kyau. Na nuna musu Zara tana haske a yamma, na ce ba tauraruwa ba ce, duniya ce kamar tamu. Na koya musu cewa tauraro yana ƙyalƙyali, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. Har shugaba ya fara gyaɗa kai. Nan kaina ya kumbura. Na hango wani jan haske can ƙasa-ƙasa wajen fadama, na ɗaga murya:

"Jama'a, kun yi sa'a! Waccan ita ce Mirrihi, jar duniya. Ko a mota kuka tafi, sai jikokinku su tsufa ba ku isa ba."

Aka yi layi ana leƙawa, ana salati. Sai wani tsoho manomin albasa daga Augie, kakan ɗalibata Hadiza, ya karɓi madubin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a hankali:

"Malam, a gafarce ni. Waccan fitilar Ɗanjuma mai shayi ta. Kullum nan yaka rataye ta ga icce."

Bai rufe baki ba sai Mirrihi ta sauko daga bishiya, ta kama hanyar gari tana lilo. (Ashe Ɗanjuma ne ya tashi daga kasuwa da fitilarsa.) Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Birnin Kebbi.

Tsohon nan ne ya cece ni. Ya nuna wa yara taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta, ya faɗa musu yadda manoma suke gane ƙaratowar damina da ita. Aka zagaye shi, har da shugaba. Ba a rufe ƙungiyar ba, kuma bayan wasu watanni Hadiza da kanta ta gano ainihin Mirrihi. Yau ita ma kimiyya take koyarwa, ni kuwa ina bugun ƙirji da ita.

Tun daga ranar, kafin in ba wani haske suna a gaban jama'a, sai na tambayi 'yan unguwa ko da mai shi.