Yadda Za Ka Sa Wa Jip Ɗin Babanka Injin Dizal Ka Tunkari Kogin Tamir

Idan kana da tsohuwar jip ta Rasha da ta shekara goma sha ɗaya a bayan garken tumaki tana shan rana da ƙanƙara, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za a daɗe ana labarinka a gundumarku. Shekara ashirin ke nan ina zaune a kan benci a ƙofar garejin Choijil, a garin Tsetserleg, ina rabon shawara kyauta. Ban taɓa riƙe sifana ba, shi ya sa ba motar da ta taɓa lalacewa a hannuna.

Misalinmu shi ne Namsrai, makiyayi mai shekara hamsin da biyu, wanda ya bi kowane mataki bai tsallake ko ɗaya ba.

Mataki na 1: Fara da alkawari a gaban jama'a

Kada ka soma da buɗe bonet. Masu soma buɗe bonet su ne masu fasa aiki.

Namsrai ya fara nasa a bikin askin farko na jikarsa, bayan ƙwarya ta huɗu ta madarar goɗiya mai tsami. Mahaifiyarsa, Inna Dulamjav, mai shekara saba'in da tara, ta ce tana so ta yi hunturun bana a tsohon mazauninsu na ƙetaren Tamir, inda mijinta ya gina garken dutse da hannunsa, inda kuma yake kwance. A hankali ta faɗa, irin faɗar wanda bai sa ran ganin wani hunturun ba. Akwai gada, amma zagayen yini biyu ne a babbar motar haya, ƙugunta kuwa ba zai ɗauka ba. Ta mashigin ruwa tafiyar awa uku ce.

Namsrai ya miƙe tsaye. "Inna, a motar Baba za ki tafi. Ta cikin ruwa, yadda ya riƙa hayewa da ke."

Matarsa Yanjin ta ɗago daga kan tukunya. "Wace motar? Wadda karya ta haihu a ciki bara?"

Aka yi dariya. Inna Dulamjav ta dube shi, ta buɗe baki, sai kuma ta mayar da shi kan kwanon shayinta.

Mataki na 2: Zaɓi inji da kunne

Tsohon injin fetur ya riga mai shi mutuwa, saboda haka dizal za ka saka. Ɗauki bas zuwa Ulaanbaatar, ka shiga kasuwar kayan mota, ka saurara. Injin da ya fi kowanne ƙara shi ne naka. Kada ka auna tsawonsa, kada ka tambayi nauyinsa, wannan aikin masu ƙaramar zuciya ne.

Mai shagon ya shafa wanda Namsrai ya tsaya a kai, ya ce, "Yaya, kana da ido. Daga motar kai yara makaranta aka ciro shi a Koriya. Bai san wahala ba."

A kasuwar nan kowane inji daga motar makaranta aka ciro shi, in ban da waɗanda aka ciro daga motar wata tsohuwar likita. Ban san inda injinan da suka yi aiki suke zuwa ba.

Da aka kawo shi gareji ya ƙi shiga. Choijil ya yanka nan, ya yi walda can, ya huda bonet don kan injin ya samu wurin leƙowa. Da aka sauke jip daga kan jak, sai gabanta ya duƙa kamar akuya a bakin rijiya. Namsrai ya zagaya ta sau biyu ya ce ai haka ma ta fi kwarjini.

Mataki na 3: Samo aksul biyu daga wuri biyu

Bakanike zai ce maka tsofaffin aksul, wato ƙarafan da ke haɗa tayoyi biyu-biyu a ƙarƙashin mota, ba za su jure ƙarfin sabon inji ba, kuma ka samo na gaba da na baya daga mota ɗaya. Karɓi rabin farko na maganar, ka bar masa sauran.

Namsrai ya sayo na baya a birni. Na gaba kuwa wani makiyayi ne a Khotont ya ba shi kyauta daga wani mushen mota, bayan sun yi musayar kwalbar taba gari sun gano cewa kakanninsu mata sun taɓa shan ruwan rijiya ɗaya. Kyauta irin wannan ba a buɗe cikinta a duba. Ga shi kuma duka biyun fentinsu kore ne, me kake nema kuma?

Masu son surutu za su gaya maka cewa a cikin kowane aksul akwai giya mai ƙayyade yawan juyin taya, kuma idan ta gaba da ta baya suka bambanta, tayoyin gaba za su so gudu na baya su so tafiya. Gaskiya ne. Amma muddin ƙafa biyu ce ke jan motar ba wanda zai sani, har kai.

Mataki na 4: Rufe bakin bakanike

Wannan shi ne matakin da ya fi sauƙi a ƙasarmu, domin al'ada tana bayanka. Ba a ambaton mugun abu gaban tafiya, wanda ya ambata shi ya kira shi.

Choijil ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ƙane, ba ni minti goma. Mu ɗaga ta, in sa alli a taya, in juya in ƙirga. Idan na gaba da na baya ba su daidaita ba, ranar da ka sa ƙafa huɗu a tsakiyar ruwa za ta..."

"Tuf! Yaya Choijil, haɗiye maganar nan. Inna ce fa a ciki."

Choijil ya haɗiye. Shi ma ɗan ƙasar ne, shi ma yana da uwa a da. Ya zuba shayi mai gishiri, ya kurɓa, ya biyo ta bayan gida.

"Akwai wani mutum can a Gobi, ba kai ba, wani daban. Ya haɗa aksul biyu..."

"Ya lafiyarsa?"

"To, shi dai yana nan lafiya."

"Ka gani? Gaishe shi."

Choijil ya dube ni a kan benci yana neman agaji. Na ce masa ni a fannin inji na ƙware.

Mataki na 5: Kada ka gwada

Lama, malamin addininsu, ya duba littafinsa ya ba da rana, tara ga watan ƙarshe na kaka. Namsrai ya yi sati uku yana kai da kawowa a tsakiyar gari da ƙafa biyu, hayaƙi na bin sa, karnuka na ba shi hanya. Ƙaramin sandan nan na gefen giya mai haɗa ƙafa huɗu kuwa bai taɓa shi ba. Ya ce yana tanadin ƙarfinta ne don ranar.

Mataki na 6: Loda duk abin da ka mallaka

Ranar ƙaura Yanjin da maƙwabta suka yi gaba a kan dawaki da tumaki. Namsrai ya kwance ɗakin ger, zagayayyen tantin da suke zaune a ciki, ya ɗora wa jip: bargunan gashi, sandunan rufi, murhun ƙarfe, akwatin Inna mai jan fenti, buhu uku na busasshen cuku, sannan da'irar saman ɗaki a can bisa inda darajarta take. Inna Dulamjav ta zaga da ludayi ta yayyafa wa kowace taya madara, Namsrai ya ɗaura shuɗin ƙyalle a madubi, ya ɗaga ta ya zaunar a kujerar gaba.

Da suka isa mashigin, sai ga Choijil a bakin ruwa da babur ɗinsa da doguwar igiya a kafaɗa.

"Yaya, me ya kawo ka?"

"Kallon agwagwa."

Agwagi sun yi wata guda da tashi kudu. Ni ma ina wurin, a bayan babur, don kada a rasa mai shawara.

Mataki na 7: Idan ta yi kuka, ƙara mata wuta

Gefen kogin ya soma ƙanƙara, tsakiya na gudu baƙi ƙirin. Namsrai ya ja sandan ƙafa huɗu, ya shiga. Taku goma na farko, na rantse, ko ni na yi alfahari da ita.

Da tayoyi suka kama duwatsun ƙasa ga kuma lodi a sama, sai rigima ta tashi. Gaba na ja, baya na riƙewa. Jip ta hau tsalle a wuri ɗaya tana gurnani, murhu na kaɗa akwati. A daidai nan mai hankali yakan ɗaga ƙafa daga totur. Kai kada ka ɗaga, ai don irin wannan ranar ka sayi babban inji.

Namsrai ya taka har ƙasa. Aka ji ƙara ɗaya daga ƙarƙashi, farfela mai kai ƙarfin inji ga tayoyi ta tsinke, inji ya ci gaba da ruri shi kaɗai yana juya iska. Ya kashe shi. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya rufe takalman Inna.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Igiyar Choijil ba ta kai rabi ba, dawaki sun yi nisa, tsohuwa kuma ba za ta yi awa guda a cikin wannan sanyin ba.

Mataki na 8: Sauka

Ya sauka. Ruwa ya kai masa ƙugu, numfashinsa ya ɗauke. Ya zagayo ya buɗe ƙofarta, ya juya mata baya ya duƙa, bai iya kallon idonta ba. Ta kama wuyansa. Da ya miƙe ya ji ba ta kai nauyin tunkiya ba, wannan ya fi ruwan yi masa ciwo.

Ya yi taku biyar yana lalube da ƙafa.

"Bi ta hagu, ɗan nan," in ji ta a kunnensa. "Akwai rami gaban farin dutsen can."

"Ina kika sani, Inna?"

"Sau tara babanka ya goya ni ta nan."

Ya tsaya cak. "Ba a mota kuke hayewa ba?"

"Motar nan? A bakin ruwa take tsayawa, in ta yi ƙoƙari ta tsaya a ciki. Shi ya ce kada in gaya wa yara. Yi tafiya, ƙafata ta mutu."

Ya ci gaba, haƙoransa na kaɗawa. Sai da ruwa ya sauko masa gwiwa ya iya magana.

"To me ya hana ki faɗa ranar biki?"

"Ka miƙe a gaban mutane, in zaunar da kai?" Ta gyara riƙonta. "Kuma tun da ya rasu ba wanda ya goya ni."

Daga inda muke tsaye mun ga Namsrai ya hau tudun ƙetare, ya wuce inda ya kamata ya sauke ta, ya ci gaba da tafiya da ita a bayansa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a tsinkewar farfela, ko murar da ta kwantar da Namsrai sati biyu, ko yini ukun da maƙwabta suka yi suna kwaso kayan ɗaki a kan dawaki suna zaginsa. Inna Dulamjav ta yi hunturunta a gefen garken dutse, kuma wannan ma ba aikina ba ne. Jip tana nan daskare a tsakiyar Tamir har bazara, mai son aksul kore ya je da gatari. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Idan kuma mahaifiyarka ta fi Inna Dulamjav nauyi, bi ta gada.