Gambar Iyaka

Da gwiwa ta kore ni daga ƙwallo, kulob ɗin da na yi wa lamba bakwai ko waya bai ƙara yi mani ba. Na tattara na koma ƙauyenmu, Damari. Da damina ta kankama, kawuna ya kira gayyar noma, na je da tsohuwar rigar wasata.

Ana rabon kuyya na ce, "Kawu, a ba ni ta gefe. Duk ƙasar nan an san gefe nawa ne."

Ya dube ni ya ce, "To, ka dai kula da iyaka."

Ni za a koya wa layi? Na duƙa da hauya, na bar samari a baya. Na tarar da wata doguwar ciyawa a jere, na ce lallai Kawu ya yi sakaci, na tumɓuke ta tas. Da na ji ihu a bayana sai na ƙara wuta, na ɗauka irin na 'yan kallo ne.

Ashe gamba ce, wadda kakanmu ya dasa don ta raba gonarmu da ta Malam Idi, maƙwabcin da suka daɗe suna jayayyar iyaka da Kawu. Malam Idi ya iso, ya duba, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana."

A gaban mai gari, da yake babu sauran shaidar iyaka, Kawu ya rasa kunya biyu daga gonarsa. Har yau sama-sama yake amsa gaisuwata.

Na yi shekaru ina wasa, ba wanda ya riƙe ƙwallo ɗaya da na ci. Amma in na ratso kasuwa da hauya, sai mahauta su ɗaga tsumma kamar tutar mai tsaron layi, su ce, "Ta fita!"