Shagona da Dokar Taga Ɗaya

Ranar Litinin na zo buɗe shago, na tarar an shafa wa ƙofata jan fenti, an rubuta a ƙasa cewa rusau ranar Alhamis. Shekara goma sha tara ina ɗinki a wannan ɗan akurkin, keke biyu, tebur ɗaya, da madubi mai tsaga a gefe. Da shi na aurar da ƙannena, da shi nake ciyar da gida. Na duba dama da hagu, shaguna takwas na layinmu duk an yi musu wannan kwalliyar.

Maƙwabcina mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Tela, kai da kake da izini me ya tayar maka da hankali? Mu ne abin tausayi, da muke jiran namu izinin shekara shida. Maza je ka ofis su duba."

Na tafi. Akawun da na samu wata baiwar Allah ce mai gilashi, ba ta da faɗa ko kaɗan. A gabanta ga sabuwar kwamfuta, irin waɗanda aka kafa rumfa aka yanka zare aka yi jawabi uku ranar ƙaddamar da su. Ta danna, izinina ya fito a allo, har da hotona lokacin ina da gashi.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Hajiya, a goge min fentin ke nan?"

Ta ce, "Baba, da sauranka. Izininka fayil ɗaya ne, taswirar layinku fayil dabam. Doka ta ce sai na gan su gefe da gefe, lokaci guda, kafin in sa hannu."

"To buɗe ɗayan mana."

Ta buɗe. Taswira ta fito, izinina ya ɓace ɓat. Ashe manhajar taga ɗaya kacal take buɗewa, wato fayil ɗaya a allo, in wani ya shigo na farkon ya fita. Kuma duk fayil ɗin da ya rufe ba ya sake buɗuwa sai shugaban sashe ya taso daga kujerarsa ya ɗora babban yatsansa a kan wata 'yar na'ura.

Na ce, "Hajiya, ni da ban yi boko mai nisa ba, na ga mai buga takardu na bakin kasuwa yana jera taga huɗu a allo ɗaya."

Ta rage murya. "Da tamu ma tana yi. Toshewa aka yi."

Wani dattijon masinja ne ya ba ni labarin a kan benci. Wai wata rana Mai Girma Babban Mai Hangen Nesa, Allah ya ƙara masa nisan hange, ya kawo ziyarar ba-zata, ya kama wani akawu da taga biyu, ɗaya aiki, ɗaya ƙwallo. Nan take aka kafa kwamitin mutum goma sha biyu. Suka tare a otal wata uku, suka ci suka sha, suka gano mai laifi, wato taga ta biyu. Aka haramta ta a duk ofisoshi. Na tambayi masinjan me aka yi wa akawun. Ya ce, "Shi ne shugaban sashen da kake jira."

Ai kuwa na jira shi. Talata sukutum na yi a benci, yatsan yana wurin taro. Laraba ya iso, Hajiya ta kawo dabara: a ɗauko kwamfutar ɗakin kusa a ajiye kusa da tata, kowacce ta riƙe fayil ɗaya. Sai da muka cike fom na fitar da kayan ofis daga ɗaki zuwa ɗaki, tafiyar da ba ta fi taku tara ba. Ni na rungumo ta da kaina, wayoyi na jan ƙasa, ina addu'a kada in yi tuntuɓe a ƙara min laifi. Yallaɓai ya dangwala nan, ya dangwala can, Hajiya ta kalli hagu ta kalli dama, ta ce shagona bai ci hanya ko da taƙi ɗaya ba. Ta sa sunana a fayil ɗin waɗanda aka yafe wa rusau.

Na ce a ba ni takarda in riƙe. Ta ce, "Baba, mun bar zamanin takarda."

Alhamis da safe sai ga katafila tana gurnani a bakin layi. Jami'in rusau ya ɗora ƙaramar kwamfutarsa a kan mota, jerin shaguna takwas a buɗe, nawa na farko. Na ce, "Ranka ya daɗe, an yafe min, duba ɗaya fayil ɗin."

Ya ce, "In na buɗe wancan, wannan zai rufe. Matsa, Malam."

Ina kallon kekunana ta ƙofa, da kayan amaren mutane a rataye, hawaye ya cika min ido a gaban jama'a. Mai aski ya matso, tawul a kafaɗa, ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, aikinka ne, ba mu hana ka ba. Amma in ka rushe mai izini, sunanka za a kira a ofis, ba na katafila ba."

Jami'in ya share gumi, ya danna. Sunana ya fito. Ya ce, "Kai ka tsira. Saura bakwai." Ya juya zai koma jerin farko, na'ura ta ce a kawo yatsa. Ya buga waya ofis. Aka ce masa shugaban sashe ya tashi tun asuba, ya tafi kwas na mako biyu kan hanyoyin hanzarta aiki. Direban katafila ya kashe inji ya ce shi ba ya taɓa ginin kowa sai ya ga jeri da idonsa. Suka yi cirko-cirko har rana ta take, suka kaɗa kan katafila suka tafi.

Yau wata biyu ke nan. An ce daga kwas aka yi wa yallaɓai canjin wurin aiki, ya tafi da yatsansa, sabon da aka kawo kuma ana jiran kwamiti ya zauna ya yi wa nasa rajista. Shagunanmu takwas suna nan a tsaye.

Saboda haka na janye duk ƙorafin da na yi a kan benci. Ranka ya daɗe Mai Hangen Nesa, kada ka saurari masu zuga ka a buɗe taga ta biyu, mahassada ne. Ku kuma masu karatu, in kun ji ƙishin-ƙishin za a gyara manhajar nan, don Allah ku sanar da mai aski da wuri, ya samu ya kwance madubinsa.