Silin Ofishinmu Ya Tafi Tarbar Baƙo

Jiya da safe ina cikin jera wasiƙu, allon silin ya saki jiki ya faɗo mini a ka. Ban ji ciwo ba, jama'a, don ya sha ruwa har ya yi laushi kamar burodin da aka manta a cikin shayi. Anti mai buga takardu, wadda muke ɗaki ɗaya, ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Sannu, Injiniya. Karatun naki ne ya sauko gaishe ki."

Don tsokana suke ce mini Injiniya. Shekara huɗu na yi ina karanta fasahar gine-gine, na fito da sakamakon da ba na jin kunyar nunawa, aka ɗauke ni aiki aka damƙa mini kwandon wasiƙu. Ban yi kuka ba, ba kuma zan yi ba. Amma silin dai na san shi. Waɗannan fararen allunan da zaren da aka sarrafa daga dutse ake yin su. Suna shanye hayaniya, wuta ba ta cin su da wuri. Ruwa ne ajalinsu: su jiƙe, su yi tumbi, su yi funfuna, mai zama a ƙasa ya kwashi tari. Nawa tarin ya shiga wata na biyar.

Sau uku ina rubuta wa Oga, Ranka Ya Daɗe Babban Mai Sa Hannu, cewa kwanon rufinmu yoyo yake, a gyara shi, sannan a zubar da jiƙaƙƙun allunan. Allah ya ƙara masa basira, ya aiko mini da bokiti.

Sai makon jiya labari ya zo cewa za a turo mai duba gine-gine, wanda zai zaɓi ofisoshin da za a yi wa sabon rufi. Har rawa na taka. Washegari sai ga Baba kafinta da tsaninsa, ya kafa shi a gefen teburina.

"Baba, gyara aka fara?"

"Wane gyara, 'yata? Aro na zo. Oga ya ce duk allo mai lafiya a kai zauren taro da hanyar da baƙo zai bi. Marasa lafiyan can kuma a kwantar da su a nan."

"Nan asibiti ne?"

"Shekara ashirin haka muke yi. Akwai allon da ya tarbi baƙi tara, ko ke ba ki kai shi ganin manya ba."

Na ba shi takunkumi ya rufe hanci saboda ƙurar, na wuce wurin Oga ban ko yi sallama da kyau ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ɓarna ya zo gani. A bar shi ya gani mana!"

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Yarinya, so kike baƙo ya tafi da mu a baki? Mu masu mutunci ne." Allunan da ba su samu canji ba ya sa aka shafe su da fenti, duk da na gaya masa fenti toshe ƙananan ramukan da ke shanye sauti yake yi. Yanzu in ya yi atishawa a ofishinsa, har masu gadi sai sun ce masa sannu.

Baƙo ya zo, ya ɗaga kai, ya ga fari fes. Na yi ta tari a bakin ƙofa ko zai waiwayo, Anti ta ja ni ciki ta murɗa makulli.

Yau takardar sakamako ta iso. An cire mu daga jerin masu buƙatar rufi, an yaba mana a kan kula da dukiyar jama'a, an kuma umarci sauran ofisoshi su zo su koyi yadda muke yi. Oga ya ce tunda ni ce mai ilimin abin, ni zan koyar da su.

Na karɓa da hannu biyu. Darasin ba wuya, amma don Allah duk mai zuwa ya taho da tsaninsa, namu ɗaya ne.