Ranar da Na Je Ceton Taubashina da Ƙafa Biyu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama ɗan agaji ba, ko da na so in manta ma mutanen Tibiri ba za su bari ba.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Gari, karatuna bai wuce sa hannu ba. Amma Allah ya hore mani wata tsohuwar kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, da na saya a hannun wani proje na raya karkara da ya naɗe kayansa. Shekara uku ina tuƙa ta daga gida zuwa shago, daga shago zuwa masallaci, tayarta ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Sai aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, aikinsu in gulbi ya kawo ya datse ƙauyuka su je su ɗauko maras lafiya, ko su janyo motar da ta kafe, duk don Allah. Na shiga. (In faɗi gaskiya, rigar nan tasu mai ƙyalli ce ta ja ni. Har ɗaurin aure na je da ita a kan babbar riga.)

Shugabanmu, Malam Isufu, tsohon direba ne marar yawan magana. Ya tara mu a rairayin Jiratawa don formasiyo, wato horo, ya ce doka biyu ce: mota ɗaya ba ta fita ita kaɗai, kuma ba a shiga ruwa sai mutum ya taka shi da sanda. Daga nan ya durƙusa gaban wata mota yana nuna wani abu a jikin taya. Ni kuwa ina gindin itacen bedi ina ba mutane labarin yadda aka yanke cibiyata a bakin gulbi, don haka babu mai koya mani rairayi. Aka yi ta dariya. Na ɗauka daɗin labarina suke ji.

Ran wata Talata da hantsi saƙon murya ya shigo wayata: katanga ta faɗa wa wani mutum a ƙafa a wani ƙauye bayan Tibiri, ƙashi ya fito, ruwa kuma yana ƙaruwa. In ba a ƙetaro da shi kafin azahar ba, sai ya kwana biyu can, ƙafar kuwa ba za ta jira ba. Da na ji sunan sai na miƙe. Ɗanladi ne, ɗan gwaggona, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin na gama magana da mutuncina ba.

Allah ya sani na damu da ƙafarsa. Amma Allah ya kuma san abin da na hango: sauran rayuwarsa duk inda ya buɗe baki zan ce, "Yi shiru, ni na ɗauko ka." Saboda haka ban jira Malam Isufu ba. Na zura riga, na tashi mota.

A mashigin gulbin, mutane sun cika gaɓa biyu. Wani dattijo ya matso da sanda zai taka mani ruwan, na ɗaga mishi hannu irin na manya. Na ja ƙaramin bitesin nan, wato giya, na kat-kat (wannan kam na sani, na ga ana yi), na danna oda ta yi ƙara sau biyu don kowa ya shaida, na faɗa.

Daidai tsakiya ta tsaya. Na taka wuta, ta yi kuka, bayanta ya zauna. Na ƙara takawa, ta ƙara zama, kamar tsohuwar da ta samu tabarma. Ruwa ya shigo ya gaishe da takalmana. Na fita ta taga na hau rufin mota, da rigata mai ƙyalli, wadda aka yi ta musamman don a hango mutum daga nesa. An kuwa hango ni.

Ina nan tsugune sai ga amalanke da shanu biyu ta shigo ruwa daga wancan gefe, maza huɗu na riƙe da ita. Mutanen ƙauye sun gaji da jiran ceto. A kai Ɗanladi ne kwance, ƙafa ɗaure da kara da tsumma, fuskarsa ta yi fari don azaba. Na yi fatan ya suma. Da suka zo daidai ni sai ya ce a tsaya. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya dubi tayar gaba, wadda ko laka ba ta tayar ba, sannan ya dube ni. (Na manta ban gaya maku ba, ya yi shekara ashirin yana tuƙa motocin daji.)

"Ɗan kawu, sannu da aiki. Ka murɗa makullan ƙafafun gaba kuwa?"

Na ce wane makulli.

"To, ku ja mu je," in ji shi. "Ku bar shi nan, in na warke na dawo in cece shi."

Ashe abin da Malam Isufu ya durƙusa yana nunawa ke nan. Tsofaffin motocin nan, sai ka sauka ka murɗa wani abu a cibiyar kowace tayar gaba da hannunka, sannan ƙafa huɗu su ja. Shekara uku ina cika baki da ƙafa huɗu, da biyu nake yawo.

Malam Isufu ya iso da motoci biyu. Ɗaya ta wuce da Ɗanladi gidan likita a Maraɗi, ɗaya ta ɓata rabin yini tana janyo ni. Bai yi mani faɗa ba. Ya dai shiga ruwa har ƙugu, ya kama hannuna ya ɗora a kan makullin, ya ce in murɗa da kaina, a gaban kowa.

An ceci ƙafar, alhamdu lillahi. Da na je dubiya, tun daga ƙofa wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ni ne Alhaji Ƙafa Biyu.

Har yanzu ina cikin ƙungiyar. Ni ne mai shiga ruwa da sanda. Abin da na koya kuwa shi ne, in ka ga mai ilimi ya durƙusa yana nuna abu, durƙusa tare da shi. In kuma ka ƙi, to ka roƙi Allah wanda za ka je ceto ya zama baƙo, ba taubashi ba.